Rediyon da Ya Manta Tasharta

"Fito daga motar nan!"

Saura kaɗan na'urar ta suɓuce daga cinyar Auta. Dogo bai ma gama taka birki ba a ƙofar garejin, ga Baba tsaye ƙiƙam a gabansu, sifana a hannu, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

"Baba, gwaji muka je..."

"Na ce ki fito!"

Ta zare wayar na'urar daga ƙarƙashin sitiyari, ta fito. Makanikan garejin kowa ya cusa kai cikin injin da ke gabansa sai ka ce yau aka ɗauke shi aiki, amma kunnuwa duk suna waje.

Dogo ya zagayo ya durƙusa a kan baƙin mai, duk tsawon nan nasa ya naɗe wuri guda.

"Baba, a gafarce ni. Motar ce take mutuwa in ta yi zafi, shi ne muka..."

"Kai ban zo kanka ba tukuna. Mota nawa ke shigowa garejin nan? Me ya sa gwajin taka kaɗai ne ba ya ƙarewa?"

Kowa a garejin ya san amsar.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba, kuma ita ce mai kwamfutar garejin. Motocin yanzu ba irin na da ba ne da Baba zai kara kunne ya ce ga ciwonsu. Kowace tana da ƙwaƙwalwa, in wani abu ya lalace sai ta kunna 'yar fitilar gargaɗi a gaban direba, ta ajiye lambar matsalar a cikinta. Baba da kansa ya tura Auta ta koyo karatun lambobin nan. Takan jona na'urarta, ta karanta, ta faɗi abin da za a canza. Tana da ƙa'ida guda da ba ta karyawa ko don wa: in an gama gyara sai ta goge lambar, ta shiga motar da na'urar a jone, a zaga da ita har injin ya yi zafi sosai, tana kallon allon da idonta, sannan ta yarda an warke.

"Mota mai sanyi maƙaryaciya ce," haka take cewa.

A irin wannan zagayen ta san Dogo, direba mai ɗaukar fasinja zuwa garuruwa masu nisa. Gyara ɗaya ya kawo shi, aka yi, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaukewa. Yau ƙara yake ji a taya, gobe wari yake ji a injin. Ran nan Auta ta jona na'ura ta duba ta ce masa motar lafiyarta ƙalau, mai motar ne dai ba shi da lafiya. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, tun daga ranar yake kiranta Likita. Ya kama mata tashar da take so a rediyon motar, mai sa tsofaffin waƙoƙi, ya rantse ba zai ƙara murɗa ta ba ko fasinja za su yi masa bore.

Wannan karon kuwa ba ƙarya ya zo da ita ba. Motar ta mutu musu a tsakiyar titi, kuma Auta ta ga dalilin a allonta.

Can gefe, jingine da wata mota, Rewaya yana feƙe waya da haƙori yana murmushi. Shi ne mai gyaran wutar mota a garejin, ɗan ƙanwar Baba, a gidansu ya tashi. Kafin zuwan na'urar shi ne sarki, sai ya kwance rabin wayoyin mota yana lalube, mai mota yana binsa da godiya. Da na'urar ta zo aka daina jiransa. Ya haɗiye wannan, don yana ganin ko ba jima ko ba daɗe Auta tasa ce, na'urar ma ta zama ta gida. Sai ga wani dogon direba ya shigo da fitilar gargaɗi a kunne. Rewaya ne ya kai wa Baba gulmar, ya ƙara mata gishiri yadda ya kamata.

Da yamma a gida Auta ta durƙusa a gaban iyayenta, hawaye wani na bin wani.

"Baba, wallahi aure yake nema. Ba wasa ya zo yi ba."

"Na sani," in ji Baba. "Da wasa ya zo yi ai da sauƙi, kora ɗaya ta ishe shi."

"To mene ne laifinsa?"

"Direba ne!"

Mama ta juya fuskarta bango. A gidan nan ba a ambaton Babban Yaya, ɗansu na fari, sai dole. Shi ma direba ne, ya fita wata safiya yana tsokanar Auta, da azahar aka kira Baba a waya. Baba da hannunsa ya ɗaura wa abin da ya rage na motar sarƙa, ya jawo ta garejin.

"Na binne direba ɗaya," Baba ya ce, muryarsa ta dushe. "Ba zan aurar da ke ki zauna kina jiran irin wayar da aka yi mini ba. Ga ɗan'uwanki nan, ƙafarsa a ƙasa take, kullum yana gaban idona."

"Baba, Yaya Rewaya yayana ne. Ban taɓa yi masa wani kallo ba."

"Kallo ake ci?"

Mama ce ta sa baki a hankali.

"Malam, ajali ba a kan titi kaɗai yake ba. Mutum nawa suka mutu a kan gadonsu? Yarinyar nan tun rasuwar yayanta ban ga haƙoranta ba sai da yaron nan ya zo. Kar ka kashe mini ita da ranta."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, baƙin man da ya shige cikin zanen ba ya fita ko da wane sabulu. Sannan ya ɗago.

"Shi ke nan. Ya kawo manyansa ranar Asabar, in gan su da idona. In rana ta faɗi ban gan su ba, kar in ƙara jin sunansa. Ke kuma ki saurara da kyau. Daga yau ƙafarki ba za ta ƙara shiga motar kowa ba da sunan gwaji, balle tasa. In kin karya wannan, maganar ta mutu."

"Baba, to gwajin fa? In ba a zaga ba..."

"Maza sun ƙare a garejin ne?"

Murna ta riga ta cika mata ciki, ba ta bar wa gardama wuri ba.

Washegari Dogo ya zo, ta tsaya nesa da shi kamar yadda aka ce, ƙofar motar tana tsakaninsu.

"Asabar!" ya ce, idanunsa na sheƙi. "Likitata, Asabar fa kika ce? Ai ko a bayana zan goyo Kawu in kawo shi."

Dogo maraya ne, babbansa ɗaya a duniya shi ne Kawu, tsoho mai ciwon ƙafa da ke zaune a wani gari bayan duwatsu, tafiyar wuni guda. Sai an je an ɗauko shi.

"Tsaya tukuna, Dogona. Motar nan ba za ta hau dutse a haka ba."

"Me take cewa?"

Ta juyo masa da allon.

"Ka ga lambar nan? Akwai wata 'yar sensa a gindin injin, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa injin yana juyawa. Taka ta gaji. In tana da sanyi tana aiki, in ta yi zafi sai ta ɗauke. Da ta ɗauke, ƙwaƙwalwar ta ɗauka injin ya tsaya, sai ta yanke mai da wuta."

"Sai in gangara gefe in huta, ta huce in tashe ta."

"Ba wasa nake ba! In injin ya mutu kana gudu, sitiyari zai yi tauri, birki ya zama dutse. A shimfiɗaɗɗen titi ma ka ga yadda muka sha jiya, ina ga gangara?"

Ya daina dariya.

"To, yadda kika ce, rabin raina. A canza."

"Na aika a kawo sabuwa. Ka yi mini alkawari ba za ka taka ko nan da can ba sai na ce ta warke."

"Na yi. Bakinki ne lasisina."

Sensar ba ta iso ba sai safiyar Juma'a, ana gobe wa'adi. Auta ta buɗe kwalin ta duba, ita ce. Sawa kuwa aikin mai wuta ne. Rewaya ya miƙo hannu da fara'arsa, har da cewa, "Kawo, ƙanwata. Motar surukinmu ai ba ma ba wa bare." Auta ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce ashe Yaya ya haƙura. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutane, amma akwai fuskar da ta iya ƙarya fiye da baki.

Ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya fito yana goge hannu.

"An gama."

Auta ta durƙusa a ƙasa a bakin ƙofar direba, ba ta yarda ko gwiwarta ta taɓa cikin motar ba, don Baba yana zaune a bencinsa yana kallo. Ta miƙa hannu ta jona na'urar, ta goge tsohuwar lambar. Fitilar ta mutu. Dogo ya tayar da motar, rediyon ya kama, wata tsohuwar waƙa da take so ta cika garejin. Ya kalle ta ya ɗaga gira, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Saura zagaye," ta ce. Ta dubi Baba. "Baba, sau ɗaya kawai. Ko kai ka tuƙa, ni in zauna a baya da na'urar..."

"Auta."

Sunan kaɗai ya kira, ta gane.

"Ni zan zaga da ita," Rewaya ya ce. "Mai gyara shi ke gwada aikinsa. Ango ya zauna ya sha shayi."

"Yaya, to ka tafi da na'urar..."

"Ni da nake gyaran mota tun kina rarrafe? Riƙe talabijin ɗinki."

Aka yi dariya. Ya ja motar ya fita, waƙar tana binsa har ya sha kwana.

Ya jima bai dawo ba. Da ya dawo Auta ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, zafi rau. Ta sake durƙusawa ta jona na'urar.

Babu lamba ko ɗaya. Allon fes, fitilar a mace.

Akwai wani shafi a na'urar da ke nuna ko an share ƙwaƙwalwar mota ba da jimawa ba. Kullum takan leƙa shi. Ranar yatsanta ya je kansa ya tsaya, ta ce a ranta ai ni na goge ɗazu, me zai nuna mini? Ga Baba yana kallo, ga Dogo yana tsaye kamar zai tashi sama don ɗoki, ga rana tana yi. Ta zare wayar.

"Ta warke," ta ce.

"Allah ya yi miki albarka, Likitata!"

Ya shiga, ya tayar, ya leƙo ta taga ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Gobe kafin rana ta faɗi ina durƙushe gaban Baba, Kawu yana zuba masa zance. Ki tanadi murmushin nan, kar ki ƙarar da shi."

"Ka tafi a hankali, Dogona."

Ya murɗa rediyon. Shuuu... babu komai sai ƙara.

"Kai! Ji rediyon nan, ya manta tasharki. Kishi yake yi ne?"

Ta yi dariya. Ita ma dariya ta yi, abin da har gobe ba ta yafe wa kanta ba. Ya ɗaga mata hannu, ya ja motar ya tafi.

Bayan azahar aka kawo wata mota da za a canza wa batir. Auta tana tsaye aka cire kan batirin aka mayar, mai motar ya kunna rediyonsa.

Shuuu...

"Kash," ya ce, "kullum aka taɓa batir sai na sake kamo tashoshina."

Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi tun daga tsakar ka. Rediyo ba ya manta tasha sai an cire batir. Motar Dogo da waƙa ta fita daga garejin nan, da kunnenta ta ji. Me zai sa a cire batir a wurin zagaye? Dalili ɗaya ta sani, kowane mai wayo a sana'ar ya san shi: in ka cire kan batir ka ɗan jira, ƙwaƙwalwar irin motar nan takan manta lambar da ta ajiye, fitilar ta mutu, ciwon kuwa yana nan daram.

Fitilar ta dawo a hanya ke nan. Aka kashe ta.

Ba ta san lokacin da ta isa wurin akwatin kayan aikin Rewaya ba. Ta kifar da shi a ƙasa. Filaya, guntayen wayoyi, salatif, komai ya watse. A cikin wani tsumma ga sabuwar sensar nan, ko ɗigon mai bai taɓa ta ba.

"Yaya!!"

Garejin ya tsaya cak. Rewaya ya taso, ya ga abin da ke hannunta, fuskarsa ta zube.

"Ba ka sa ba... Yaya, ba ka sa ba!"

"Ke, saurara..."

Baba ya iso. Ya karɓi sensar, ya juya ta a hannunsa, ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Me ka yi?"

"Baba, wallahi ba da mugun nufi ba! Tsohuwar na goge na mayar. Cewa na yi ta tsaya masa a daji ya kwana can, Asabar ta wuce shi. Mutuwa kawai za ta yi a gefen hanya, ba abin da zai..."

"Hanyar duwatsu ya bi!" Auta ta ƙwalla. "Gangara ce, Yaya! Gangara!"

Ta lalubo wayarta. Ta kira, ba ta shiga ba. Ta sake. Ta sake. Tana zagaye garejin tana ɗaga wayar sama kamar mahaukaciya, tana kiran sunan Allah. Can ta shiga.

"Likitata!" Muryarsa ta fito tar, ga iskar hanya a bayanta. "Har kin yi kewata? Na sa ki a lasifika, yi maganarki. Kin san na kamo tasharki kuwa?"

"Dogo, tsaya! Ka tsaya yanzu-yanzu!"

"Lafiya?"

"Ba a canza sensar ba! Ka gangara gefe ka kashe motar, don Allah, don Annabi!"

Da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"Na riga na fara sauka. Nan ba gefe, dutse ne a dama, rami a hagu. Akwai fili a ƙasa, bari in kai. Kar ki ji tsoro, ina tafiya a hankali."

"Sa babbar giya mai riƙe mota! Rage gudu!"

"Na sa. Ga tirela a gabana ma, ba na sauri. Kwantar da hankalinki, rabin rai... Auta."

"Na'am?"

"Fitilar ta kama."

Ta ji lokacin da ƙarar injin ta ɗauke. Waƙar ce kaɗai ta rage, da iska, da numfashinsa.

"Ta mutu. Sitiyarin ya ƙi... birkin..."

"Ja na hannu! Dogo, ja birkin hannu!"

"Ina ja... La'ilaha illallahu..."

Abin da ta ji bayan nan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wayar ta faɗi daga hannunta, ita ma ta bi ta.

Sai da gari ya waye suka isa asibitin da aka kai shi, ita da Baba da Mama. Ranar Asabar ce. An naɗe shi da bandeji tun daga ƙirji, ga robobi a hanci da hannu. Likitan ya ja Baba gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, Auta ta ga kafaɗun Baba sun sauka, ba ta buƙaci a gaya mata ba. A bakin gadon wani tsoho yana zaune da sanda tsakanin ƙafafunsa yana share ido. Kawu ne, maƙwabta suka kawo shi.

Dogo ya buɗe ido da ƙyar.

"Likita..."

Ta zube a gaban gadon.

"Ni ce, Dogona. Ni na ce ta warke. Ni na kashe ka!"

"A'a... kar ki faɗi haka."

"Ban zaga ba! Ban duba ba! Ka ce bakina ne lasisinka..."

"Kin kira ni ai," ya ce, kowace kalma sai ya huta. "Da ba ki kira ba... da gudu zan sauka. Da ban kai yau ba... in gan ki."

Ya juya idonsa ya sami Baba.

"Baba... ga Kawu. Rana ba ta faɗi ba."

Baba, mutumin da ko a jana'izar ɗansa ba a ga hawayensa ba, ya durƙusa a kan simintin asibiti ya kama hannun direban da hannu biyu, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na ba ka, ɗana. Wallahi na ba ka ita. Ka tashi kawai, na ba ka!"

Dogo ya yi murmushi, irin wanda yake yi in ya kawo motar da ba ta da ciwo.

"Kawu, ka ji ko? Ka shaida."

"Na ji, ɗana. Na shaida."

"Baba... alfarma ɗaya."

"Faɗi ko mece ce."

"A bar ta... ta riƙa zagawa da motocin."

Baba ya gyaɗa kai.

Auta ta riƙe ɗayan hannun. Ya ce ta yi masa murmushin da ya ce ta tanada. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi, hawaye na shiga bakinta. Yana kallonta har idanunsa suka daina gani. Kafin la'asar aka ja masa mayafi.

Rewaya bai gudu ba. Baba da kansa ya kai shi wurin 'yan sanda, ƙanwarsa tana biye da shi tana kuka tana cewa jini ɗaya ne, a rufa asiri. Baba ya ce mata shi ma wanda aka binne ɗan wani ne. Tun daga ranar ba ta ƙara taka gidansu ba.

Auta ta daɗe ba ta leƙa garejin ba. Ta rame ta yi baƙi, ba ta kuka kuma ba ta magana, in an kunna rediyo a gidan sai ta tashi ta bar ɗakin. Mama ta yi lallashi har ta gaji. Baba kuwa ba ya iya haɗa ido da ita. Ya gina katanga don kar 'yarsa ta ji irin wayar da ya ji, sai ga shi katangar ce ta sa ta ji abin da ya fi tasa muni, da kunnenta, tun daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne gudun gara faɗa wa zago, kuma ya sani.

Ranar da ta koma, motar Dogo tana can ƙuryar garejin inda janwe ya sauke ta, an lulluɓe ta da tampol. Ta yaye. Gaban ya shige ciki, gilashi babu, kujerar da take zama ta karkace. Batirinta yana nan a jone da sauran numfashi, ta sa aka tallafa masa da wani, ta durƙusa a ƙasa a bakin ƙofar direba, yadda ta yi ranar, ta lalubi wurin ta jona na'urar.

Allon ya kawo. Lamba ɗaya ce tak, ita ce dai wadda ta nuna masa a bakin ƙofar nan.

"Ta faɗa mana gaskiya," ta ce, ba tare da ta juya ba, don ta san takun Baba. "Tun farko ta faɗa. Mu ne muka rufe mata baki."

Baba ya tsaya a bayanta.

"Ni na rufe naki," ya ce.

Ta zare wayar a hankali, ta naɗe ta, ta mayar da tampol ɗin.

A tsakar garejin akwai wata mota da aka gama gyarawa tun safe, mai ita yana ta duba agogo yana cewa a ba shi makullinsa, ai fitilar ta mutu. Baba ya je ya zare makullin daga ƙusa. Maimakon ya ba mai motar, sai ya zo ya tsaya gaban Auta.

"Ba a zaga da ita ba."

Ta kalli makullin, ta kalli mahaifinta. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekaru.

"Ni zan tuƙa," ya ce. "Ke ki riƙe na'urar. Duk inda kika ce mu kai, za mu kai."

Ta buɗe ƙofar ta shiga, ta ɗora na'urar a cinyarta. Baba ya tayar da motar suka fita. Mai motar ya biyo su har bakin titi yana ɗaga murya.

"Malam, sai yaushe ke nan? Ina sauri fa!"

Auta ta sauke gilashi. Muryarta ta fito a dushe, amma kowa a garejin ya ji.

"Sai ta yi zafi."